Motar da Ta Shanye Ƙanƙarar Masu Kifi

Duk wanda ya ce muku ɗinki ne ya lalata min ƙugu, ƙarya yake yi. Keken ɗinkina bai taɓa cutar da ni ba. Abin da ya karya ni a-kori-kurar maƙwabcina Injiniya ce, wadda nake turawa kusan kullum da safe tun da tsautsayi ya sa na kama shago daura da ƙofar gidansa.

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya kwance fankar ɗakinsa ya mayar, kusoshi suka yi saura a hannunsa, ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci. Fankar ba ta sake juyawa ba, amma sunan ya zauna daram. Motar kuwa ta hannu ya saya, hannun ma ba na biyu ba, don ina jin duk mai lasisin tuƙi a garin nan ya taɓa mallakarta ya tuba. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Gilashin baya ya daɗe da rasuwa, an maye gurbinsa da kwali. In ya taka birki, hon ne ke amsawa. Shi Zakanya yake kiranta, mu 'yan layi kuma Sai-an-tura.

Duk waɗannan ƙananan ciwuka ne. Babbar cutarta zafi. Da ta ɗan yi tafiya sai allurar zafi ta haye sama ta kwanta a kan ja, lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya hau tafasa, motar ta yi tari ta mutu a duk inda ajali ya same ta, ko da tsakiyar shataletale ne.

Da a ce yashi ko tsakuwa yake ɗauka, da ba wanda zai damu, don yashi yana da haƙurin jira. To ƙanƙara yake ɗauka. Matarsa, wadda kowa ke kira Mai Ƙanƙara, ita ke riƙe da gidan. Da ɗan firiza guda ta fara, tana ƙulla ruwa a leda, har ta kai ga cika ɗaki da firiza tana fitar da manyan bulo na ƙanƙara. Kusan duk abin da take yi, matan da ke sayar da ɗanyen kifi a babbar kasuwa ne ke saye. Da cinikinsu ake ci a gidan, da shi yara ke zuwa makaranta, da shi ake sallamar bakanike. Aikin Injiniya guda ne tak a duniya: ya ɗauki ƙanƙara daga gida, ya kai ta kasuwa tana ƙanƙararta.

Wata rana motar ta mutu a kan gada, kaya suka isa kasuwa rana ta take, rabi ya zama ruwa. Da yamma Shugabar masu kifi ta tako da ƙafarta har gida. Mace ce mai jiki da murya, wadda ko gaishe ka ta yi sai ka fara tunanin laifin da ka aikata. A bakin ƙofa ta tsaya, don haka har ni da ke shago ban rasa ko kalma ba.

"Ƙanwata, ni ba ni da matsala da ke. Ƙanƙararki ta fi ta kowa ƙarfi, in ta zo. Amma kifi bai san lalacewar mota ba. Ranar Asabar babbar mota za ta sauke mana kaya. In ƙanƙararki ta riga ta isa, muna tare. In ta makara, akwai mai ƙanƙarar tsallaken gada. Kullum sai ya zo gaishe ni, kuma ba don yana ƙaunata ba."

Mai Ƙanƙara ta ce, "In sha Allahu ba za a sake ba, Shugaba."

Injiniya ya leƙo daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai. "Shugaba, ai yau ɗin ma ba lalacewa ta yi ba. Hutawa ta yi."

"To ranar Asabar ta huta a gida, kai ka ɗauko a ka."

Washegari sai ga yayan Mai Ƙanƙara, mai shagon fenti, mutumin da ba ya son doguwar magana. Ya samo dillalin motoci da ya yarda zai karɓi Sai-an-tura, ya ba da wata a-kori-kura ta wani kamfani dabam, ita ma ta hannu, amma mai tashi da makulli. Cikon da zai biyo baya, Yaya ya ce shi zai ɗauka saboda ƙanwarsa. Duk mai hankali in ya ji wannan tayi durƙusawa zai yi ya yi godiya. Injiniya gyara tsayuwa ya yi, ya dafa murfin inji.

"Yaya, wane kamfani ka ce?"

Yaya ya faɗa masa.

"Haba Yaya! Waɗannan ai gwangwanin madara suke narkarwa su yi bodi. Ko jingina ka yi da ita sai ta loɓa. Wannan kuwa…" Ya ƙwanƙwasa gefen motarsa, wani ɓawon tsatsa ya faɗo, ya yi maza ya take shi da takalmi. "Wannan ƙarfe ne na asali. Kamfanin nan ba su ma san yadda ake ƙera abin da zai mutu ba."

"To ita wannan wa ya koya mata?"

"Ba a fahimce ta ba ne."

"Ni ba fahimtarta nake son yi ba. So nake ta kai kaya."

Mai Ƙanƙara ta sa baki. "Baban yara, don Allah ka karɓa. Ni ko jaki aka kawo min, in dai zai isa kasuwa, ina so."

"Maman yara, ke harkar ruwa kika sani, ki bar wa masu ƙarfe ƙarfensu. Ku ba ni zuwa Asabar. In Zakanya ta makara, Yaya, da hannuna zan kai wa dillalinka makulli."

"Wane makullin? Ai ba ta da aiki da shi."

Yaya ya ce dillali zai jira zuwa Asabar, ya yi wa ƙanwarsa sallama, ya tafi ko kallon surukinsa bai ƙara yi ba.

Ranar muka tura ta gareji. Na ce muka, amma ni da wanzamin layinmu ne ke turi, Injiniya yana ciki yana juya sitiyari yana ce mana mu ƙara wuta. Bakanike yana hango mu ya taso da fara'a har kunne. Mutumin nan ya fi mai motar son motar, kuma yana da dalili, don ita ta yi masa rufin ɗaki, ita ta saya masa babur.

"Oga, sayarwa? Wa ya ba ka wannan muguwar shawara? In ka rabu da ita ni ina zan sa… ina nufin, kai ina za ka samu irinta?"

Injiniya ya juyo ya dube mu. "Kun ji masana."

Bakanike ya buɗe murfin inji, ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya ce sai an canza lagireto gaba ɗaya, kuma irin na wannan tsohuwar sai an aika an nemo, ba za a samu kafin Asabar ba. Ya dai ɗaura mata wani abu da waya, ta tashi, muka hau muka nufo gida. Ba mu yi nisa ba ta fara tafasa. Injiniya ya sauka, ya rasa ruwan da zai zuba mata, ya laluba bayan mota ya samo wani guntun ƙanƙara da ya maƙale cikin buhu, ya ɗora a kan lagireto. Allura ta ɗan sauko. Ya tsaya ya ƙura wa guntun ido, bakinsa a buɗe. Ni dai da na ga wannan kallon gabana ya faɗi, don na san shi.

Da safe ya faɗo shagona ko sallama babu.

"Tela, ajiye almakashin nan ka saurari tarihi. Mene ne ciwon Zakanya?"

"Tsufa."

"Zafi! Me take ɗauka a bayanta?"

"Alhakinmu."

"Ƙanƙara! Wato shekara da shekaru ciwo yana gaba, magani yana baya, ba wanda ya yi tunanin gabatar da su ga juna sai ni."

Ga dabarar. Zai huda ƙasan bodi a baya, ya jona tiyo, ya ciro ɗan famfon nan da ke watsa ruwan wanke gilashi ya sa shi ya riƙa zuƙo ruwan da ke ɗiga daga ƙanƙara yana kai wa lagireto. Ƙofar baya kuma zai liƙe gefunanta da tsohuwar robar taya, don kada ko ɗigo ya zube a titi a banza.

"In kamfanin suka ji wannan," in ji shi, "da kansu za su zo nemana."

Wanzami, wanda ya leƙo da aska a hannu, ya ce, "Za su zo, da 'yan sanda."

Gwajin farko a ƙofar shagona aka yi shi. Ya roƙi bulo guda a wajen matarsa, ya ajiye a baya, muka tura, mota ta tashi, ya danna maɓallin famfo. Ashe don tiyon bai kai ba, sai ya ratsa da shi ta cikin mota, ta ƙarƙashin kujerarsa, ya haɗa biyu da zaren da ya ara a wurina. Mahaɗin ya kuɓuce. Ruwan ƙanƙara ya feso masa tsakanin cinyoyi. Ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin namiji mai iyali ya yi ba, ya saki sitiyari, ya taka birki, hon ya amsa, mota ta zo ta kwashe mutum-mutumin da nake rataya rigar talla. Kan mutum-mutumin ya gangara har bakin kwata.

Mata suka fito ƙofar gida suna salati. Injiniya ya kwance igiya ya fito, wando sharkaf, yana rawar sanyi.

"Kun gani? Ruwa yana tafiya!"

"Mun gani," in ji wanzami. "Daga ina yake fitowa ne dai ba mu tabbatar ba."

Gwaji na biyu ya sayo tiyo mai tsawo, ya bi da shi ta waje. Wannan karon babu abin da ya feso, don babu abin da ya ɗigo. Mai Ƙanƙara ta san aikinta. Kowane bulo sai ta naɗe shi da buhu, ta barbaɗe da dusar katako, yadda ko a rana ka ajiye shi sai ya yi ta maka taurin kai. Ɗan ruwan da ya samu ya fita, dusa ta biyo shi ta toshe tiyo. A kwanar layinmu lagireto ya tafasa, murfinsa ya yi sama ya sauka a kan rufin shagon wanzami. Wanda ake yi wa aski ya zabura da rabin kai ya ruga a guje, har yau bai dawo an ƙarasa masa ba.

Wani mutum da a nan zai tsaya ya ce a kira dillali. Injiniya zagaya motar ya yi, hannu a baya, yana gyaɗa kai.

"Na gano matsalar. Laifin Maman yara ne. Ƙanƙararta ba ta narkewa."

Na ce, "Ai shi ya sa ake saye."

"Shi ya sa ake samun cikas a kimiyya."

Ya kai motar wurin mai walda, ya sa aka yanke salansa, aka ƙara mata tsawo, aka lanƙwasa ta tana kai da kawowa a manne da ƙasan bodi, daidai inda ƙanƙara ke zama. Mai walda ya ce, "Oga, salansa fa wuta ce." Injiniya ya ce shi ya sa ya zaɓe ta, ƙasa-ƙasa kawai za ta ɗan lasa. In inji ya yi zafi, salansa ta yi zafi, ƙanƙara ta ɗan saki ruwa, ruwa ya sanyaya inji, shi ke nan mota tana jinyar kanta. Mai walda ya yi aikin, ya roƙi alfarma guda, cewa ko an tambaya kada a ambaci shagonsa.

Na je na gaya wa Mai Ƙanƙara abin da ke ƙarƙashin motar. Ta fito ta tare shi a ƙofar gida.

"Baban yara, wuta ka shimfiɗa wa kayana?"

"Wace irin wuta? Ɗumi ne. Wallahi abin da zai narke ko kofi ba zai cika ba."

"Ka bar ni in ɗauki hayar wata mota ranar Asabar kawai. Bayan nan ka yi duk gwajin da kake so."

Ya sassauta murya. "Wato wata mota ta zo ƙofar gidana ta ɗauki kayan matata, ina tsaye, Yaya yana dariya? In kika yi min haka, da wane ido zan ƙara kallon mutanen layin nan?"

Nan ya same ta. Mace ce mai kare mutuncin mijinta fiye da yadda shi yake kare shi, kuma abin ya ba ni haushi ya ba ni tausayi. Don ya ƙarasa shawo kanta, ya ɗora bulo guda tsirara, ya ɗauke ta suka zagaya layi suka dawo. Allura ko motsi ba ta yi ba. Bulon ya ɗan rame, amma yana nan. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta ce Allah Ya sa alheri, ta shige gida.

Ranar Asabar da sassafe aka kwashe firiza kaf, aka jera bulo a bayan mota har ya wuce tsayin rufi. Injiniya ya hana a sa buhu, ya hana dusa, wai suna toshe masa tiyo, kuma tafiyar da za a yi kamar ƙiftawar ido ba ta buƙatar su. Tamfol kawai aka lulluɓa. Mai Ƙanƙara ta shiga gaba. Ni kuma aka ce in hau baya ko da za a buƙaci turi a hanya. Na ninka kwali na ɗora a kan tamfol, muka tura da wanzami, ta tashi, na ɗare can ƙololuwa na zauna ina hango gari ta saman rufin mota.

Gaskiya a faɗe ta, Sai-an-tura ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Muka wuce kwanar da take mutuwa. Muka wuce gidan man da take mutuwa. Muka wuce shataletale, ɗan sandan da ke ba da hannu a wurin har ya fara naɗe hannun riga don ya taya mu turi kamar kullum, sai ya ga mun wuce, ya bi mu da kallo kamar an yi masa rowa.

Nasarar nan ce ta hau wa Injiniya kai. Maimakon ya miƙe kasuwa, sai ya karya kwana ya nufi gareji, don bakanike ya gani. Daga nan ya bi ta shagon fenti, ya rage gudu, ya leƙo ta taga. "Yaya! A gaida gwangwani!" Daga nan ya zarce filin dillali, ya zagaya shi yana taka totur, salansa tana ruri, dillali ya fito ya sunkuya yana leƙen abin da aka yi wa ƙasan motar.

A wajen nan ne na lura ba na hango gari. Ɗazu ta saman rufi nake kallon titi, yanzu rufin ne daidai hancina. Na ɗaga gefen tamfol. Bulon da ke ƙasa sun zama 'yan faifai, suna iyo, ruwa yana kai da kawowa a tsakaninsu. Na buga rufi da tafin hannu. "Injiniya! Tsaya!" Hannu ya fito ta taga, ya ɗaga min babban yatsa. Daga baya Mai Ƙanƙara ta ce ta tambaye shi me Tela ke bugawa, ya ce murna nake. Ta waiwaya, kwali ya tare mata ido.

Sai muka hau gada, muka tarar da cunkoso. Injiniya ya san in inji ya mutu a nan an gama, don haka ya ɗora ƙafa a kan totur bai ɗaga ba. Mota a tsaye, inji yana kuka, salansa tana gasa ƙasan bodi, rana ta fito tana gasa tamfol. Na ci gaba da sauka. Rufi ya wuce kaina. Kwalin da na zauna a kai ya jiƙe ya rabu biyu. Can sai na ji ɗuwawuna a ruwa, sama sanyi, ƙasa ɗumi, tururi yana fitowa ta gefen tamfol. Da muka ɗan motsa, ruwa ya yi tsalle ta saman ƙofar baya ya wanke wani mai babur.

"Malam! Me kuka ɗauko ne?"

"Ƙanƙara!"

Ya leƙo, ya dube ni zaune cikin tafki har ƙugu. "A ina?"

Wani direban bas ya zuro kai. "Ku bar shi, wankan jego ake masa!" Fasinjoji suka kwashe da dariya. Na cire takalmi na dinga dukan rufi da shi, na kira Injiniya da sunansa, na kira shi da waɗansu sunayen da ba nasa ba. Ya taka birki, hon ya amsa min.

Muka shiga kasuwa, babbar motar kifi tana biye da mu a baya. Wato mun riga ta. Matan kifi sun jeru da manyan robobi da kwanduna, Shugaba a gaba ta riƙe ƙugu, Yaya ma ya biyo mu a babur ya tsaya gefe. Injiniya ya kashe mota da kansa, abin da bai taɓa samun damar yi ba, ya kwance igiya, ya fito yana gyara wuyan riga.

"Shugaba, mun makara?"

"Ba ku makara ba."

"A ƙara faɗa, Yaya bai ji ba."

"Na ce ba ku makara ba. Sauke mana kaya."

"Kafin nan, zo ki taɓa." Ya ja ta har gaban mota, ya ɗora tafinta a kan murfin inji. "Me kika ji?"

"Sanyi."

"Sanyi! Jama'a ku shaida! Daga gida har nan, da cunkoso da komai. Akwai waɗanda suka ce in ba da wannan in karɓi gwangwani. Ba zan kama suna ba, suna da shagon fenti."

Ina ta kiransa daga baya, murya ta dishe. Ya zagayo yana murmushi, bai ko dube ni ba, idonsa na kan jama'a. Na ce, "Kada ka buɗe!" Ya ce, "Tela, sauko, yau ba turi." Ya zare sakata.

Ƙofar ta faɗo, tafkin ya biyo ta. Ruwa mai ɗumi ya kwashe masa ƙafafu ya zaunar da shi a ƙasa, ya wuce ya tafi da robobin matan kifi, ya shiga rumfuna, ya jiƙa Shugaba har gwiwa. Tamfol ya biyo ruwa, ni na biyo tamfol, na sauka a gaban Shugaba da takalmi ɗaya a hannu. Abin da ya rage a bayan mota wasu 'yan guntaye ne masu kamar ragowar sabulu, suna zamewa a kan ƙarfe mai zafi suna ƙarewa muna kallo.

Ruwa ya ci gaba da ɗiga daga bayan mota. Sannan wata daga baya ta ce, "To ai sai a kawo sabulu mu yi wanki." Dariya ta ɓarke har masu sauke kifi suka ajiye kwali suna riƙe ciki.

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta dubi kifin da ake saukewa cikin rana, ta dubi Injiniya. "Ina ƙanƙarata?"

Ya miƙe yana matse riga. "Shugaba, a kimiyyance tana nan. Siffa kawai ta canza."

"A kimiyyance kai ma kana da hankali."

Ta ciro waya, ta kira mai ƙanƙarar tsallaken gada. Ashe yana nan kusa, ya ɗoro kaya a motarsa tun safe ya laɓe bayan rumfunan hatsi yana jiran tsammani. Kafin ta mayar da wayar jaka har ya shigo da baya-baya. Ta juya wajen Mai Ƙanƙara, ta sassauta murya. "Ƙanwata, ki yi haƙuri. Na ba ki dama har sau nawa. Ni ma mata ne a bayana, da 'ya'yansu."

Mai Ƙanƙara tana tsaye a bakin ƙofar mota tun da aka buɗe bayan. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Kallon ruwan take yi yana bin kwata, aikin da ta kwana ta tashi a kansa, da cinikin da ta yi shekaru tana ginawa. Wallahi ni da nake jiƙe ina rawar sanyi, sai da na manta da kaina don tausayinta. Ta ce, "Ba komai, Shugaba. Na gode da zaman da aka yi."

Injiniya ya matsa kusa da Yaya yana sosa ƙeya. "Yaya, maganar dillalin nan… in dai don a kwantar wa Maman yara hankali ne, zan iya dubawa."

"Ya kira ni bayan ka zagaya filinsa. Ya ce ya ga bodi a huje, ya ga salansa kamar hanji. Ko kyauta ka kai masa, sai ka haɗa da mai ɗauke ta."

Shugaba ta daka tsawa a janye wannan abar daga hanya. Muka tura, ni da wasu 'yan dako, ta tashi, ta yi 'yar tafiya zuwa ƙofar kasuwa. Bayanta ya bushe, famfo yana zuƙar iska, allura ta haye ta kwanta a kan ja. Ta yi tari, ta mutu a tsakiyar ƙofa, ta toshe masu shiga da masu fita. Wata ta kawo bokitin ruwan wanke kifi aka ɗura mata, ta tafasa shi nan take, ƙarni ya turnuƙe wurin, masu motoci suka dinga danna hon suna ambaton iyayenmu.

Injiniya ya waiga hagu, ya waiga dama. Sannan ya sunkuyar da kai ya taka har wurin mai ƙanƙarar tsallaken gada, wanda ke tsakiyar miƙa wa matan kifi kaya.

"Ɗan'uwa, bulo guda za ka sayar min."

"Na kifi ko na mota?"

Ya dawo rungume da bulon a ƙirji, ruwa yana bin gwiwar hannunsa, duk kasuwa na kallo. Ya ajiye shi a bayan mota, ya zo wurin matarsa yana ƙoƙarin murmushi.

"Maman yara, shiga mu tafi. Kin dai gani da idonki, in akwai ƙanƙara tana tafiya. Gobe in kika ba ni bulo kamar…"

Ta gyara mayafinta, ta saɓa jaka.

"Zan ba ka, Baban yara. Wa kuma zan ba? Duk garin nan yanzu motarka ce kaɗai ta rage mai shan ƙanƙarata. Ka tambaye ta abin da za ta ba yara su ci."

Ta hau bayan babur ɗin yayanta suka tafi. Injiniya ya daɗe yana kallon hanyar da suka bi. Can ya juyo, ya nuna min bayan motar, murya ƙasa-ƙasa.

"Tela, ɗan taɓa mana."